Daga kwamfutar ɗalibi zuwa idon jama'a: fashin baƙi kan gina shafin intanet da ɗora shi

Zariya gari ne na ɗalibai. Daga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962 kuma take da harabobi a Samaru da Kongo, zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da sauran manyan makarantun da ke Gyallesu da Palladan da Basawa, da wuya mutum ya shiga motar haya a garin nan bai zauna kusa da mai rataye da jakar littattafai ba. Waɗannan ɗalibai sun fara hulɗa da shafukan intanet tun kafin su taka aji, domin a shafi aka yi musu rajistar JAMB, a shafi suka ga sun sami gurbi, a shafi kuma suke biyan kuɗin makaranta su cike kwasa-kwasansu kowane zango. Duk da haka, idan aka tambayi da yawa daga cikinsu inda shafin yake zaune, da yadda ya taso daga hannun wanda ya rubuta shi har ya iso fuskar wayarsu, sai amsar ta gagara, har a wajen wasu masu karatun kwamfuta. Laifin bai tsaya a kansu kaɗai ba, domin an fi koya musu rubuta shafi a takardar jarrabawa fiye da kai shi inda jama'a za su gani.

Tushen maganar ba shi da tsawo. Shafin intanet tarin fayiloli ne da ke cikin folda, foldar kuma tana kan wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba. Idan mutum ya rubuta adireshi a burauza irin su Chrome ko Firefox, burauzar tana aika buƙata zuwa sabar, sabar ta turo kwafin fayilolin, burauzar ta karanta su ta zana abin da ke ciki a fuskar waya ko ta kwamfuta. Saboda haka aikin mai koyo ɓangare biyu ne: ya iya rubuta fayilolin, sannan ya iya ɗaukar su daga kwamfutarsa ya ajiye su a sabar, a wurin da ya dace kuma da sunan da ya dace. A ganina ɓangare na biyu ne ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a nan ake gane ko ɗalibi ya fahimci na farkon ko kuwa hadda kawai ya yi.

Wanda ya tsara wannan hanya ta shafukan intanet shi ne Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da a lokacin yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a ƙasar Suwizalan. Ya gabatar da shawararsa a 1989, shafin farko kuma ya fita ga jama'a a 1991. Manufarsa ita ce masu bincike su riƙa ajiye takardunsu ta yadda kalma a cikin wata takarda za ta kai mai karatu ga wata takardar, ko da tana kan wata kwamfuta a wata ƙasa. Harshen da ya ƙirƙira don haka, wato HTML, ba ya lissafi kuma ba ya yanke hukunci, aikinsa kawai ya sa wa rubutu alama. Ana sa harafin p a tsakanin alamomin kusurwa biyu don a ce nan sakin layi ya fara, a maimaita shi da layi mai karkata a gabansa don a ce nan ya ƙare. Alamar h1 tana nuna babban kanu, alamar img tana kiran hoto, alamar a kuma ita ce ke ƙulla mahaɗi zuwa wani shafi. Ɗalibin da ya riƙe alamomi goma sha biyar zuwa ashirin, ya kuma saba rufe duk wadda ya buɗe, ya riga ya sami abin da zai rubuta cikakken shafi da shi.

Ado da tsari kuwa aikin CSS ne, wanda Håkon Wium Lie ɗan ƙasar Norwe ya kawo shawararsa a 1994, aka amince da ƙa'idarsa ta farko a 1996. Hikimarsa ita ce raba abin da ake faɗa da kamannin da zai fito da su. Launi, girman harafi, faɗin gefe da jerin sassa duk ana rubuta su a fayil guda, sai kowane shafi ya kira wannan fayil. Idan wata makarantar Islamiyya a Tudun Wada tana da shafuka ashirin, shugabanta ya ce a mayar da kanun daga shuɗi zuwa kore, layi ɗaya za a gyara, dukkan ashirin ɗin su canza. Na uku shi ne JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a kamfanin Netscape a 1995, kuma shi ne ke sa shafi ya motsa ya amsa taɓawar mai karatu. Shawarata ga mai farawa ita ce ya dakata da shi tukuna, har sai ya ɗora shafi mai HTML da CSS kaɗai ya gan shi yana aiki a wayar wani.

Akwai abin da ya kamata ya ƙarfafa wa ɗalibinmu guiwa, wanda ba a cika faɗa masa ba: duk wannan ɓangare na farko ba ya cin data ko kaɗan. Manhajar Notepad da ke zuwa da kowace kwamfuta mai Windows ta isa, haka Notepad++ ko VS Code ga wanda ya samu, kuma duk kyauta ne. Mutum ya rubuta fayil, ya adana, ya danna shi sau biyu, burauza ta buɗe shi ko da babu intanet a unguwar gaba ɗaya. Wanda ya yi cajin kwamfutarsa a ɗakin karatu da rana zai iya yin awa biyu yana gwaji da dare ko an ɗauke wuta. Tuntuɓen da ake yi a nan ƙanana ne, amma suna sa mutum ya yanke ƙauna. Wani zai rubuta shafinsa a Microsoft Word, wanda ke cusa nasa tsarin cikin fayil, burauza ta kasa karantawa yadda ya so. Wani kuma zai adana fayil da sunan index.html, Notepad ta ƙara masa wutsiyar txt a baya, Windows kuma ta ɓoye wutsiyar, ya zauna yana kallon alamominsa tsirara a allo bai san dalili ba. Maganin shi ne ya shiga saitin folda ya umarci kwamfutar ta riƙa nuna wutsiyar sunan kowane fayil, kuma ya bar ta a haka har abada.

Mai rubuta shafi da Hausa yana da wata matsala ta daban wadda darussan da ake kallo a YouTube ba su cika taɓawa ba, wato haruffa masu ƙugiya. Tsohon tsarin ASCII, wanda kwamfutoci suka taso a kansa, alamomi 128 kacal ya tanada, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a ciki. Tsarin Unicode ne ya ba kowanne lambarsa, hanyar adana su da ta game duniya kuma ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan tsari harafin a yana cin bait ɗaya, wato ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta, amma ƙ yana cin biyu. Idan burauza ba ta san da wane tsari aka adana fayil ba, sai ta karanta bait biyun nan a matsayin haruffa biyu daban, shi ya sa a wasu shafuka ake ganin Æ™ inda ya kamata a ga ƙ, ko É— a madadin ɗ. Gyaran layi ɗaya ne a saman fayil, inda ake sanar da burauza cewa tsarin UTF-8 ne, tare da tabbatar da cewa da tsarin aka adana fayil ɗin tun farko. Yana da kyau kuma a rubuta lang="ha" a alamar farko ta shafi, domin injinan bincike da manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu su san Hausa ce. Wanda zai sa ajami ko ayar Alƙur'ani sai ya ƙara dir="rtl" a wannan sashe don rubutun ya taso daga dama. A Zariya ne aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma a nan aka yi babban aikin daidaita rubutun boko, don haka ba na jin ya dace ɗalibin Zariya ya fitar da shafin da ba ya bambance ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki, saboda ƙyuyar layi ɗaya.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Ɗalibi ya gama shafinsa, hotuna sun zauna daram, launi ya yi kyau. Ya kwafe fayil ɗin a filashi ya kai wa malaminsa, aka buɗe a kwamfutar ofis, sai ga ƙananan akwatuna babu komai a inda hotuna suke, rubutu kuma ya koma baƙi a kan fari. Abin da kowa ke faɗa a wannan lokaci iri ɗaya ne: "Malam, wallahi a kwamfutata komai yana fitowa daidai." Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin gaskiyar tasa matsalar take. Hoto ba ya cikin fayil ɗin HTML. Abin da ke ciki kwatancen inda hoton yake ne kawai. Idan kwatancen ya fara da harafin C da sunan mai kwamfuta da foldar da ke kan fuskar kwamfutarsa, tamkar ka aika ɗan saƙo daga Kano ne ka ce masa kayan suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadonka, alhali gadon yana ɗakinka a Samaru. Kwatancen da ke aiki a ko'ina shi ne wanda ya taso daga inda fayil ɗin kansa yake tsaye. Idan shafin yana cikin folda, kuma a cikin foldar akwai wata ƙarama mai suna hotuna, sai a rubuta hotuna/kofa.jpg kawai. Idan ana so a koma folda ɗaya baya, sai a fara da ɗigo biyu da layi mai karkata. Muddin an ɗauki babbar foldar gaba ɗaya da 'ya'yanta, duk inda aka kai ta kwatancen zai ci gaba da aiki.

Sunan fayil ma yana da nasa tarko. Windows ba ta bambance babban harafi da ƙarami a sunan fayil, amma yawancin sabobi suna aiki ne da Linux, ita kuma a wajenta Kofa.JPG da kofa.jpg fayiloli biyu ne da ba su haɗa komai ba. Shafin da ya yi lafiya a gida sai ya rasa rabin hotunansa da zarar ya hau saba, mai shi ya yi ta zargin intanet. Ɗabi'ar da ya kamata a kama tun ranar farko ita ce rubuta sunan kowane fayil da ƙananan haruffa, ba tare da barin sarari ba, a sa karan ɗori a madadin sararin. A nan ne kaɗai nake ba da shawarar a ajiye haruffa masu ƙugiya gefe, domin a cikin rubutun shafi wajibi ne, amma a sunan fayil suna rikiɗewa zuwa dogayen lambobi idan aka kwafi adireshin aka tura wa wani.

Kafin a ɗora komai sai an sami wurin ɗorawa. Kamfanonin hostin suna ba da hayar wuri a sabarsu, galibi na shekara, su ba mai haya abubuwa uku: adireshin sabar, sunan shiga da kalmar sirri. Sunan da jama'a za su rubuta don su iso shafin kuwa, wato domen, abu ne daban da ake yi wa rajista daban. Sunayen da suka ƙare da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, kuma a ƙarƙashinsu ne ake samun .com.ng na 'yan kasuwa da .edu.ng na manyan makarantu, kamar yadda adireshin abu.edu.ng ya nuna. Tsarin DNS ne ke haɗa sunan da lambar sabar, kuma idan aka yi sabon haɗi yakan ɗauki awoyi, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu, kafin ya bazu ko'ina.

Hanyar da aka daɗe ana kai fayil saba da ita ita ce FTP, kuma ta girmi shafukan intanet da shekara ashirin. Abhay Bhushan ne ya rubuta ƙa'idarta ta farko a 1971 a cibiyar MIT ta Amurka, wadda ake aiki da ita har yau kuma ta fito a 1985. Manhajar da ɗalibai suka fi amfani da ita wajen wannan aiki, FileZilla, ita kanta aikin aji ce, domin Tim Kosse da abokan karatunsa biyu ne suka fara ta a 2001 a matsayin aikin da aka ba su a darasin kwamfuta, kuma har yau kyauta ake sauke ta. Idan aka buɗe ta, fuskarta kashi biyu ce: hagu na nuna foldodin kwamfutarka, dama na nuna na sabar. A sama akwai gurabe huɗu na adireshin saba, sunan shiga, kalmar sirri da lambar ƙofa, wato lambar mashigar da saba ke karɓar haɗi ta cikinta. Idan haɗi ya ƙullu, sai ka ja fayil daga hagu ka sake shi a dama, a ƙasa ka ga jerin waɗanda suka wuce da waɗanda suka maƙale. Ba ko'ina ake sakin fayil a ɓangaren dama ba. Akwai folda ta musamman, wadda a yawancin sabobi sunanta public_html, wasu kuma www ko htdocs, kuma abin da ke cikinta ne kaɗai jama'a ke gani. Shafin farko kuma dole sunansa ya zama index.html, domin shi saba ke nema idan baƙo ya rubuta adireshi bai ambaci wani fayil ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ja babbar foldar aiki gaba ɗaya a jefa cikin public_html maimakon a ja abin da ke cikinta, sai shafin ya koma zama hawa ɗaya ƙasa da inda ake nemansa, baƙo ya tarar da lambar kuskure 404 ko 403.

Sanin yadda FTP ke aiki daga ciki yana rage ɓata lokaci. Ba kamar yawancin hanyoyin intanet ba, ita layi biyu take buɗewa: ɗaya na umarni a ƙofa ta 21, ɗaya kuma na jigilar fayilolin kansu. A tsarinta na asali, sabar ce ke juyowa ta buɗe layi na biyu zuwa kwamfutarka. Wannan ya yi daidai a zamanin da kowace kwamfuta ke da adireshinta na kanta, amma ɗalibin da ya jona kwamfutarsa da datar wayarsa, ko yake amfani da intanet ɗin makaranta, yana bayan wata na'ura ce da ba ta barin haɗi ya shigo daga waje. Alamar matsalar a bayyane take: manhaja za ta ce an karɓi kalmar sirri, sannan ta tsaya cik ta kasa nuna jerin foldodi. An warware wannan da tsari na biyu, wanda kwamfutarka ce ke buɗe layukan duka biyu, kuma shi FileZilla ke zaɓa tun daga farko, sai dai idan wani ya taɓa saitin. Haka kuma FTP tana da salon jigila biyu, na rubutu da na ɗanyen bait. Salon rubutu yana gyara alamar ƙarshen layi, domin Windows tana amfani da alamomi biyu, Linux kuma ɗaya. Wannan gyara yana da amfani ga fayil ɗin rubutu, amma idan aka bi da hoto ko fayil ɗin PDF ta wannan salo, sai ya isa a lalace. Barin manhajar ta zaɓa da kanta ya wadatar.

Babban aibin FTP shi ne ba ta rufa asiri. Sunan shiga da kalmar sirri suna tafiya ne a fili, duk wanda ke kan hanyar kuma yake da manhajar saurare zai iya karanta su kamar yadda aka rubuta. Irin wannan satar kalmomin sirri ce aka yi a jami'ar da Tatu Ylönen yake aiki a ƙasar Finlan, abin da ya sa ya ƙirƙiri SSH, hanyar haɗi mai ɓoye bayanai, a 1995, kuma a kan SSH ne aka gina SFTP, wadda ke bi ta ƙofa ta 22 tana kulle duk abin da ke wucewa. Akwai kuma FTPS, wadda tsohuwar FTP ce aka lulluɓe da kariya. Chrome da Firefox duka sun daina buɗe adireshin FTP a 2021. Ga ɗalibi, bambancin a aikace bai wuce zaɓar SFTP a cikin FileZilla da canza lambar ƙofa ba, fuskar manhajar da jan fayil duk ba su canza ba, don haka ban ga hujjar ci gaba da amfani da tsohuwar ba matuƙar kamfanin hostin ya ba da sabuwar. Wanda kuma ya yi aiki a kwamfutar kafe ko ta aboki ya tuna cewa manhajar tana riƙe bayanan shiga na baya-bayan nan, ya goge su kafin ya tashi, in so samu ne ma ya canza kalmar sirrin idan ya koma gida.

Akwai wasu lambobi uku-uku da mai koyo zai gani a gefen kowane fayil a sabar, irin su 644 da 755. Izini ne. Lamba ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran jama'a, kuma kowace jimla ce: 4 na karantawa, 2 na gyarawa, 1 na gudanarwa ko shiga folda. Ma'anar 644 ke nan mai fayil ya karanta ya gyara, saura su karanta kawai, kuma shi ya dace da fayiloli, 755 kuma da foldodi. Idan wani abu ya ƙi aiki, akwai masu ba da shawarar a mayar da komai 777. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, domin wannan lamba tana ba kowa damar gyara fayil ɗin, kuma ta irin wannan kafa ce ake cusa wa shafuka abin da masu su ba su sani ba.

Bayan an ɗora, abubuwa biyu sukan rikita sabon shiga. Na farko, ya gyara fayil ya sake ɗorawa, ya duba ya ga tsohon shafi, saboda burauza tana ajiye kwafi don ta rage cin data. Danna Ctrl da F5 tare yana tilasta mata ta ɗebo sabo. Na biyu ya fi haɗari: FTP ba ta ajiye tarihi, idan sabon fayil ya hau kan tsoho, tsohon ya tafi ke nan. Wanda zai taɓa shafin da ke aiki ya fara sauke kwafinsa gaba ɗaya ya ajiye a folda mai kwanan wata.

Sai batun nauyi, wanda a wajenmu batun kuɗi ne. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait 4 ko fiye. Idan mai sayar da ɗinkakkun riguna a cikin birni ya sa irin waɗannan hotuna goma a shafinsa na farko, duk wanda ya buɗe zai sauke megabait 40, wato buɗewa 25 ta cinye gigabait guda, kuma a inda sabis ke rawa mai saye zai fita kafin rabin hotunan su bayyana. Idan aka rage faɗin kowane hoto aka matse shi zuwa kilobait 150, goman duka ba su wuce megabait ɗaya da rabi ba, ido kuma ba zai ga bambanci a fuskar waya ba. Wannan ya haɗu da wata gaskiya da mai gina shafi a babbar kwamfuta yake mantawa, cewa mutanen da yake yi wa aiki da waya za su duba. Layi ɗaya na viewport a saman fayil, wanda ke sa burauza ta bi faɗin allon waya, tare da auna faɗi da kashi cikin ɗari maimakon ƙayyadadden adadi, shi ne matakin farko na tsarin shafi mai daidaita kansa da kowane allo, tsarin da Ethan Marcotte ya bayyana a 2010. Gwajin gaskiya shi ne a buɗe shafin a ƙaramar waya mai arha, da datar layi, a tsakiyar kasuwar Sabon Gari.

Na san akwai mai cewa duk wannan wahala ce da zamani ya wuce, tunda WordPress, wadda ta fito tun 2003, tana ba mutum shafi da 'yan danne-danne, manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma suna rubuta HTML cikin daƙiƙoƙi. Ban musa amfaninsu ba, kuma wanda zai yi sana'ar nan zai yi aiki da su. Sai dai WordPress kanta fayiloli ce a cikin public_html, kuma ranar da wani ƙari da aka sa mata ya lalace har shafin shiga ya ƙi buɗewa, hanyar da aka saba bi ita ce a shiga sabar a canza sunan foldar ƙarin don ya daina aiki. Manhajar basira kuwa za ta ba ka rubutun, amma ba ta ganin foldodin kwamfutarka, ba ta san ka rubuta sunan hoto da babban harafi ba, kuma kai ne za ka kai abin da ta rubuta saba. Ɗalibin da aka tura wata ma'aikata samun horon aiki, aka ce ya canza lambar waya a shafinsu, abin da za a miƙa masa adireshin saba ne da sunan shiga da kalmar sirri, sannan a koma bakin aiki a bar shi da su.

Wanda ba shi da kuɗin hayar saba ma yana da mafita. GitHub Pages tana ɗaukar shafuka masu HTML da CSS da JavaScript kyauta, kuma ta nan ne mutum zai fara sanin Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, wadda ke ajiye tarihin kowane gyara, abin da FTP ba ta yi. Manhajar XAMPP kuma tana mayar da kwamfutar mutum ƙaramar saba don gwaji a ɗaki. Takardar shaidar da ke sa adireshi ya fara da https, wadda a da sai an biya, Let's Encrypt tana ba da ita kyauta tun 2015, kamfanonin hostin da yawa kuma suna kunna ta da danna maɓalli ɗaya.

Da zarar ɗalibi ya ɗora shafi ɗaya ya yi aiki, ba a daɗewa wani kawu ko maƙwabci zai ce a yi wa shagonsa ko makarantarsa, kuma a nan wani hakki ke hawa kansa. Domen haya ce ta shekara-shekara, idan ba a sabunta ba shafin zai ɓace, bayan ɗan lokaci kuma wani na iya yin rajistar sunan. Ɗalibi kuwa mai tafiya ne, zai kammala, a tura shi bautar ƙasa wata jiha, wataƙila ya canza layin waya. Saboda haka ya yi rajistar domen da hostin da sunan mai shagon da imel ɗinsa, ya rubuta masa bayanan shiga da ranar da hayar za ta ƙare a takarda, ya kuma ba shi kwafin dukkan fayilolin a filashi, domin duk wanda zai karɓi aikin a bayansa ya sami inda zai fara.